Man wiwi ga mara lafiya a gida: abin da ke kai iyalan gabashin Sakkwato ga karya doka

A ƙarshen damanar da ta wuce aka kawo mana wani yaro ɗan shekara 7 daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Rabah. Tun safe yake barci mai nauyi. Idan an tashe shi sai ya yi tangaɗi ya koma, idanunsa sun yi ja, numfashinsa ya yi ƙasa. Da yake lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, can hankalinmu ya fara tafiya. Gwaji bai nuna zazzaɓi ba, sukarin jininsa daidai, wuyansa bai sanƙare ba. Sai washegari, da na sa aka ba mu wuri ni da mahaifinsa, mutumin ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wata 'yar kwalba mai ɗauke da mai baƙi-baƙi. Babu takarda a jikinta, babu suna, babu kwanan wata.

"Likita, ka rufa man asiri," in ji shi. "Wanga shi nika ba shi, safe da dare."

Na ce, "Malam, nan asibiti ne, ba caji ofis ba. Tun yaushe kake ba shi?"

Sati uku ke nan. Yaron yana da farfaɗiya tun yana shekara 3, bayan wani zazzaɓi da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. An taɓa ɗora shi a kan fenobabiton, faɗuwar ta ragu sosai. Daga baya hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ma'aikacin ƙaramin asibitin yankin ya daina zuwa, maganin ya koma sai an dace a kemis. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Rannan wani ɗan wansa ya nuna masa bidiyo a WhatsApp na wata yarinya Baturiya da aka ce man wiwi ya raba ta da farfaɗiya. Ya sayar da tumaki biyu, aka turo masa kwalbar ta tashar mota.

Wannan ba shi ne na farko da na gani ba. Na ga saurayi daga Wurno da ke dafa wa mahaifiyarsa ganyen a shayi saboda sankarar mama ta hana ta runtsawa. Na ga mai sikila daga Goronyo da yayansa ke sayo masa ɗauri duk lokacin da ciwon ƙashi ya tashi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan masu jinya da ke shan wiwi don kansa, kuma dukkansu sun san laifi ne. Abin da nake son mu duba shi ne me ya kai su, me kimiyya ta tabbatar game da abin da suke bayarwa, kuma ko muhawarar halatta wiwi da ake ta yi a Abuja tana da wani amfani gare su.

Abin da doka ta ce

A Najeriya doka ba ta tambayar dalilin da ya sa aka same ka da wiwi. Dokar soja ta 1966, wadda aka kafa zamanin Janar Aguiyi-Ironsi, ta yi tsanani har ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya noma ta, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ƙwaya a hannunsa ba bisa ƙa'ida ba. A aikace kotuna kan yanke ƙasa da haka ga wanda aka kama da ɗan kaɗan, amma ko wata shida ne a gidan yari, ga manomin da ke ciyar da gida da jinyar yaro, rushewar gida ce. Matsayin hukumar kuma shi ne man da aka tatsa daga wiwi hukuncinsa ɗaya da ganyen.

Ke nan a takarda, uban da ya saya wa ɗansa kwalba da dillalin da ya sayar masa duk masu laifi ne. Illar wannan a asibiti muke ganinta. Mai jinya ba zai faɗi abin da ya bayar ba sai ya ga uwar bari. Mun ɓata kwana guda muna neman cutar da babu ita a jikin yaron Rabah, kuma da numfashinsa ya ƙara sauka a daren farko, da ba mu san da me muke faɗa ba.

Daga ina labarin ya fito

Bidiyon da aka nuna wa mutumin ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa yake da haɗari. A 2013 gidan talabijin na CNN ya nuna labarin Charlotte Figi, wata yarinya a jihar Kolorado ta Amurka mai wani nau'in farfaɗiya da ake kira Dravet, wadda faɗuwarta ta ragu ƙwarai bayan an fara ba ta man wiwi na musamman. A watan Yunin 2018 kuma jami'an filin jirgin Heathrow na Landan suka ƙwace man da mahaifiyar Billy Caldwell ta sayo masa daga Kanada. Cikin 'yan kwanaki aka kwantar da yaron a asibiti, jama'a suka yi ca, gwamnati ta mayar da man, kuma daga 1 ga Nuwamban 2018 Birtaniya ta ba ƙwararrun likitoci damar rubuta magungunan da aka haɗa daga wiwi. Irin waɗannan labarai ne ake yankowa, a ɗora musu muryar Hausa, a liƙa lambar waya a ƙarshe.

Abin da bidiyon ba ya faɗa shi ne itacen wiwi yana ɗauke da sinadarai fiye da 100 na dangi ɗaya, biyu daga ciki su ne aka fi nazari. Na farko THC, shi ke sa maye, shi ke jirkita tunani. Na biyu CBD, ba ya sa maye, kuma shi ne aka samu yana rage wasu nau'o'in farfaɗiya. Wiwin da ake nomawa a dazukan Ondo da Edo da Delta, wadda ke isowa Arewa a buhuna, don maye ake noma ta. Abin da mai saye ke nema a cikinta THC ne. Idan aka jiƙa ta a mai aka tace, abin da za a samu ke nan.

Abin da bincike ya tabbatar, da abin da bai tabbatar ba

Gwajin da ya buɗe ƙofa an buga shi a 2017. An ɗauki yara da matasa 120 masu Dravet waɗanda magungunan da aka saba suka kasa, aka ba rabi tataccen CBD, rabi kuma aka ba su abin da ba magani ba, dukkansu suna ci gaba da shan magungunansu na da. A ɓangaren CBD, yawan jijjiga a wata ya sauka daga kusan 12 zuwa kusan 6. A ɗaya ɓangaren ya sauka daga kusan 15 zuwa 14. Wannan nasara ce ta gaske ga iyayen da suka gwada komai. Amma mai karatu ya lura da abu uku. Kashi 5 cikin 100 ne kawai faɗuwar ta ɗauke musu gaba ɗaya. Ba a cire musu magungunansu ba, ƙari aka yi. Sannan da yawa sun yi fama da gudawa, amai, kasala da yawan barci, wasu kuma gwajin hantarsu ya tashi, musamman masu shan balfurowet. A kan irin wannan shaida ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Epidiolex a Yunin 2018 don Dravet da Lennox-Gastaut, a 2020 ta ƙara wata cuta ta uku. Farashinsa lokacin da ya fito ya kai kimanin dala 32,500 a shekara.

Waɗannan cututtuka ba kasafai ake samunsu ba. Dravet daga ƙwayar halitta take. Farfaɗiyar da ke cika asibitocinmu a Sakkwato mafi yawanta tabo ce da wani abu ya bari a ƙwaƙwalwa: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sanƙarau, doguwar naƙuda da jariri ya sha wuya, ko buguwar kai a haɗarin babur. Babu gwajin da ya nuna cewa man wiwi ya fi fenobabiton ko kabamazefin a irin wannan. THC kuwa a jikin ƙaramin yaro yana iya kawo abin da muka gani, wato barci mai nauyi, tangaɗi da saukar numfashi, wani lokaci ma ya tayar da jijjigar da ake gudu.

Batun sankara ya fi ɗaga mini hankali, domin a nan ne masu talla suka fi yin ƙarya. An ga sinadaran wiwi suna kashe ƙwayoyin sankara a kwanon gwaji da jikin ɓeraye, amma abubuwa da yawa suna yin haka a kwano su kasa a jikin mutum. Babu wani gwaji a kan mutane da ya nuna wiwi tana warkar da sankara. Abin da aka tabbatar ƙarami ne: wasu ƙwayoyi biyu masu kama da THC da aka amince da su a Amurka tun 1985 suna rage tashin zuciya da aman da allurar sankara ke sawa. Babban rahoton cibiyar kimiyya ta Amurka na 2017 ya kuma samu shaida mai ƙarfi kan rage daɗaɗɗen ciwon jiki ga manya da kuma sanƙarewar jijiya a wata cutar laka. Amma da aka gwada feshin baki na Sativex a kan masu sankarar da ta yi nisa, waɗanda ciwo ya ƙi lafa musu, manyan gwaje-gwajen ba su nuna ya fi abin da ba magani ba yadda aka yi fata.

Babbar asarar ita ce lokaci. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2018 ya bi mutanen da sankararsu ba ta bazu ba, suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi na gargajiya kaɗai. Haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, a sankarar mama kuma fiye da sau biyar. Matanmu dama a makare suke zuwa, sai ƙullutun ya fashe. Duk watan da aka ƙara ana jiran kwalba ta yi aiki, daga rabon tiyata aka cire shi.

Sikila ma haka. Wani ƙaramin gwaji a Kalifoniya da aka buga a 2020, wanda mutum 23 suka kammala, bai samu bambanci mai ƙarfi a raguwar ciwo tsakanin shaƙar wiwi da shaƙar abin da ba magani ba. Gwajin ya yi ƙanƙanta a yanke hukunci da shi, amma bai ba kowa hujjar miƙa wa matashi ɗauri ba. Shekarun samartaka su ne lokacin da THC ya fi yi wa ƙwaƙwalwa illa. Wani bincike a birane da dama na Turai da Burazil a 2019 ya nuna mai shan wiwi kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku a haɗarin kamuwa da taɓin hankali, mai shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Duk likitan da ya yi zagayen horo a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ba ya bukatar a karanta masa wannan.

Saura tambayar me ke cikin kwalbar. A 2017 masu bincike a Amurka suka sayi kayan CBD iri 84 ta intanet suka auna. Kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da abin da aka rubuta a jiki, kuma an samu THC a kusan ɗaya cikin biyar. Can ke nan, inda kwalba ke da takarda kuma ana iya kai kamfani kotu. Tamu da ta zo ta tasha a cikin leda, ba wanda ya san ƙarfinta, ko maganin ƙwarin da aka fesa wa ganyen, ko an haɗa da tiramol ko zaƙami ko sinadaran roba irin na Kolorado don mai saye ya ji ta yi aiki. Uwa ta ga ɗanta ya yi barci ta ce sauƙi ya samu, alhali maye ne.

Ainihin ramin da suke faɗawa

Bahaushe ya ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ina ganin kuskure ne mu tsaya zagin takobi ba mu kalli ruwan ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba faɗuwa idan an gano cutar an ba su magani yadda ya dace. Ta kuma ce a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Fenobabiton ya haura shekara 100 ana amfani da shi, yana cikin magunguna mafi araha da ake da su. Sharaɗinsa ɗaya ne, a sha kullum ba fashi. Wannan sharaɗin ne rayuwar gabashin Sakkwato ta hana cikawa.

Tun harin Tabanni na watan Yulin 2018, wanda ya tara dubban mutane gudun hijira a Gandi, yankin Rabah bai koma daidai ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Wurno da Rabah da Goronyo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Ma'aikacin lafiya mutum ne mai iyali, shi ma yana tsoron a ɗauke shi. Idan ya bar ƙauye, katin mara lafiya da tarihin maganinsa sun tafi tare da shi. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kuwa suna birni, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kuma Kware. Manomin albasa ko tafarnuwa da zai kai ɗansa can sai ya bar gona, ya biya mota mutum biyu ko uku zuwa da dawowa, a farashin da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023, ya kuma yi addu'ar hanya. Mai sayar da man wiwi shi har tasha yake kawowa, kuma yana ɗaga waya ko da tsakar dare.

Ciwon sankara ya fi wannan muni. Maganin ciwo mai tsanani da duniya ta sani shi ne mofin na sha, mai araha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Wani babban rahoto na mujallar Lancet a 2017 ya ƙiyasta cewa abin da Najeriya ke samu na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatar masu fama da ciwo mai tsanani ba. Ɗan abin da ake da shi yana manyan asibitoci. Bayan badaƙalar kodin da ta sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, da kuma annobar tiramol, likitoci da masu haɗa magani da yawa sun ƙara jin tsoron rubuta duk wani abu na wannan dangi. Mu kanmu likitoci muna da laifi a nan, don an koya mana tsoron mofin fiye da yadda aka koya mana amfani da shi. Sakamakon shi ne 'yan shaye-shaye suna samun tiramol a bakin kasuwa, tsohuwa mai sankara kuma ana sallamar ta da farasitamol. Saurayin Wurno da ke dafa wa mahaifiyarsa ganye bai taɓa jin cewa akwai ruwan magani halattacce da zai sa ta yi barci ba. Da aka fara ba ta, shi da kansa ya daina.

Muhawarar Abuja ta wa ce?

Duniya tana motsi a kan wannan batu. Ranar 2 ga Disamban 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin da ya fi tsanani na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Lesoto ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Zimbabuwe a 2018, Maroko ta yi dokarta a 2021, Gana kuma ta halatta noman nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba.

A gida, marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ne ya fi ɗaga murya, har ya je Tailan a 2019 ganin yadda suke yi. 'Yan majalisar wakilai irin su Benjamin Kalu da Olumide Osoba da Miriam Onuoha sun gabatar da ƙudirori, amma a Maris na 2023 majalisar ta jingine batun bayan zazzafar muhawara. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya daɗe yana kafa hujja da binciken ƙasa na 2018, wanda ya ƙiyasta masu ta'ammali da ƙwayoyi miliyan 14.3, daga ciki masu shan wiwi miliyan 10.6. A 2025 ya nuna hukumar ba ta ƙi a tatsi mai ƙarƙashin sa ido a fitar waje ba, amma ba ta yarda a sha a cikin gida ba.

Na bi wannan muhawara shekaru, kuma abin da ke ba ni takaici shi ne mara lafiya ba ya cikinta. Masu goyon baya maganar kuɗin shiga da dala suke yi. Masu adawa maganar matasa da tarbiyya suke yi, kuma tsoronsu yana da tushe, domin ƙasar da ta kasa tsare kodin a kemis da wuya ta tsare gonar wiwi. Tailan ɗin da aka je koyo ta saki wiwi a 2022, shaguna suka cika tituna, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Amma ko gobe aka sa hannu a dokar noma don fitarwa, yaron Rabah ba zai ga ɗigo ɗaya na tataccen CBD ba. Za a noma a Ondo, a tace, a sayar wa Turai. A Birtaniya ma, shekaru bayan sauya doka, mafi yawan masu samun maganin a asibitocin kuɗi suke samu.

Ra'ayina shi ne a raba tambayoyin. Halatta wiwi ga kowa abu ne daban, kuma ba na goyon bayansa a halin da muke ciki. Buɗe ƙaramar ƙofa ga tataccen CBD mai rajistar NAFDAC, wanda likitan ƙwaƙwalwar yara kaɗai zai rubuta ga yaron da aka tabbatar magunguna biyu ko uku sun kasa masa, wannan abu ne da ya kamata a yi. Muna yin haka da mofin da fetidin, waɗanda suka fi CBD haɗari nesa ba kusa ba, da littafin rajista da kabad mai makulli. Yaran da ke bukatarsa kaɗan ne, amma suna nan, kuma iyayensu masu hali sun riga suna shigo da shi a ɓoye. Sannan ya dace doka ta bambanta mai jinyar da aka yaudara da mai sana'ar yaudararsa. Masu tallar warkar da sankara da farfaɗiya a waya su ne ya kamata a bi, lambobinsu a fili suke.

Amma idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da zai hana iyalan Wurno da Rabah da Goronyo neman kwalba, ba CBD zan zaɓa ba. Zan ce a tabbatar fenobabiton da kabamazefin ba sa yankewa a cibiyoyin lafiya na matakin farko, a horar da ma'aikatan lafiya na al'umma su ci gaba da ba da maganin bayan likita ya ɗora mutum a kai, a riƙa ba na nesa na wata uku a tafiya ɗaya. Tsarin horon yana nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shi tun 2008 kuma farfaɗiya na ciki. Asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, mai karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, don irin wannan aka yi shi. A kuma sauko da mofin na sha zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da ma'aikaci ko da ɗaya ne da ya iya auna shi. Duk wannan ba ya bukatar sabuwar doka.

Wasu masu jinya kan tambaye ni ko ya halatta a addini, tunda larura ce. Fatawa ta malamai ce. Amma sharuɗɗan da suke kawowa a babin magani da abin da aka hana, wato a rasa halattaccen madadi kuma amintaccen likita ya tabbatar da amfaninsa, tambayoyi ne da mu za mu amsa. A kusan duk wanda na gani, madadin yana nan, ko dai bai iso ba ne ko ba a sha shi yadda ya dace ba. Kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba kuwa, babu likitan da zai iya shaidar ta.

Ga wanda ya riga ya fara bayarwa

Ka faɗa wa likita, ka zo da kwalbar. Riƙe sirrin mara lafiya yana cikin ladubban aikinmu, kuma sanin abin da aka sha yana canza maganin da za mu bayar. Kada a dakatar da maganin farfaɗiya na asibiti kwatsam don an samu wani abu, domin yanke fenobabiton lokaci guda yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Idan yaro ya yi barcin da ba a iya tashinsa, ko numfashinsa ya canza, ko jijjiga ta wuce minti 5, asibiti za a nufa ba jira. Lokacin faɗuwa a kwantar da shi a gefe, a kawar da wuta da ruwa da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Yawun mai farfaɗiya ba ya yaɗa cutar. Mai sankara kuma yana da haƙƙin ya ce ciwo bai lafa ba, a tambayi likita kai tsaye ko akwai mofin na sha da inda ake samunsa.

Yaron Rabah ya farfaɗo sarai a kwana na uku bayan an daina ba shi man. Da muka duba tsohon katinsa sai muka ga abin da ya faru tun kafin maganin ya fara yankewa: adadin da aka rubuta masa yana shekara 3 shi ake ta maimaita masa a kemis, alhali nauyinsa ya kusa ninkawa. Muka gyara adadin daidai da nauyinsa. Wata huɗu bai faɗi ba. A wata na biyar aka tare hanyarsu, motoci suka daina shiga, mahaifin ya makara da kwana 9 kafin ya zo karɓar magani, yaron ya faɗi sau biyu a tsakani, sau ɗaya kusa da murhu. Wannan karon na rubuta masa na wata uku, ya ce kuɗin da ke hannunsa na wata ɗaya da rabi ne.